Abin Da Aka Binne

Da likitar ta ɗago 'yar kwalbar, sai dattijon ya nemi zafin ɗinkin da ke wuyansa ya rasa.

"Baba, ga abin da muka ciro," in ji ta. "Ƙari ne, amma ba ciwon daji ba. Shi ke kwashe ƙarfin ƙashinka yana zubawa cikin jini, kamar an bar ƙofar ruwa a buɗe."

Ya ƙura wa abin ido. Ko ƙwayar gyaɗa bai kai ba. Wannan ne ya karya masa ƙafa yana tsaka da ban ruwa, ba faɗuwa ba tuntuɓe? Wannan ne ya sa masa ƙishin da randa guda ba ta kashewa, ya tara masa tsakuwa a ƙoda?

Duk garinsu Bunkure an ce sammu ne. Ƙannensa sun tone gonar shinkafarsa kusurwa-kusurwa, har shuka ta lalace, suna neman abin da aka binne.

"Ikon Allah!" ya ce a hankali, yana shafa wuyansa.

Ashe shekara da shekaru abin yana nan kwance, ƙarƙashin igiyar layar da ya rataya don tsari.