Hular 'Yanci

Da alƙalin birnin Rum ya taɓa shi da sanda ya ce daga yau shi ɗa ne, sai tsohon bawan ya fashe da kuka. Shekara arba'in yana juya dutsen niƙa, yau ga hular 'yanci a kansa.

"Tashi, tsoho," in ji ubangidansa, yana janye ƙafarsa. "Ba ka da sauran kwano a gidana. Gwamnati na raba wa 'yan gari alkama kyauta, je ka ta ci da kai."

Washegari ya bi layi har gaban mai rabo.

"Baba, an rufe ɗaukar suna. Sai wani ya mutu ake jefa ƙuri'a a cike gurbinsa."

"To, kafin nan fa?"

"Kafin nan ka ci hularka!"

Yanzu kullum yana zaune a ƙofar gari, inda ake fita da gawa. Makara na zuwa zai miƙe.

"Sannunku da rashi. Marigayin yana karɓar alkama?"

In suka ce e, sai ya sunkuyar da kai, kada su ga murmushinsa.