Gajeriyar Ƙafar Tebur

"Wa ya gwada mariƙin butar nan?" in ji manaja.

Butocin shayin da masu saye suka dawo mana da su suna jibge a lungun ɗakin taro, duk mariƙansu sun cire. Ɗaya ma a ƙafar wani jariri ta juye tafasasshen ruwa.

Mai gwajinmu ta miƙe. "Ni ce, ranka ya daɗe. Na ga matsalar, na kuma rubuta wa shugaban aikin."

Ni ke nan. Idanu suka dawo kaina.

Da can duk Alhamis mukan zauna mu biyar, kowa ya faɗi abin da ya ga ya karkace a aikin mako. Da ranar fitar da kaya ta matso, ni na soke zaman. Na ce surutu ba ya haɗa buta, mai magana ya rubuto.

"Ban ga wata takarda ba," na ce. Har ga Allah ban tuna ba.

Manaja ya ce ta ajiye katin aikinta. Ta dube ni kawai, ta fita.

Bayan an watse na dafa teburin zan tashi, sai ya yi rawa. Na duƙa. Takardar da na ninke na cusa ƙarƙashin gajeriyar ƙafarsa wata uku da suka wuce ce ta zame. Na warware ta.

Rubutunta ne: "Malam, mariƙin yana saki idan ya ɗau zafi. Don Allah mu zauna."

Na ji takun manaja yana dawowa. Na ninke ta, na mayar inda take.

Teburin ya tsaya cak.