Akwatin da Marcel Ke Tsaro

Kun gani, kun kau da kai. Shekara biyu Marcel yana riƙe da kwamfutar matasan cocinmu a Kafanchan kamar gadon ubansa.

Manhajar da ke tafiyar da ita ta kowa ce, in ji waɗanda suka ƙirƙiro ta: kowa ya gyara ya aiko. Mu muka ɗauki aikin mayar da ita Hausa. Ka sa gyaranka a faifan kwamfuta, ka jefa a akwatin katako, Marcel ya hau jirgin ƙasa ya kai Kaduna inda ake aikawa. Amma duk fitowar sabuwar manhaja, sunansa kaɗai muke gani a jerin masu gyara.

Ran Lahadi bayan sujada na ɗauko guduma na shiga ɗakin kwamfutar.

Na ce, "Ɓarawon aikin jama'a! Yau za ka ajiye makullin ɗakin nan!"

Damaris 'yar garin Madakiya ta ce, "Fasa akwatin, Silvanus, mu ga abin da ya danne!"

Marcel ko tashi bai yi ba. Ya ce, "Ɗan'uwa, ajiye guduma. Akwati ba shi da kwaɗo."

Na ɗaga murfin. Gidan zanzaro ne a ciki, da mataccen kyankyaso.

Ya ce, "Ina faifan naka? Damaris, naki fa?"

Ashe kowa ya ɗauka wani ya jefa. Ni kaina tun bara nake cewa gobe.

Kai ma da kake karantawa, ran Asabar ka zo da faifanka, ko ka rufe mana baki.