Badukun da Ya Ji Ta'aziyyarsa da Kunnensa

Ɗan'uwa mai zane, ranar da ka zauna za ka sake wa shafinka na intanet fasali, me ka fara gogewa? Kusan na san amsar, don duk mu da muka gama makaranta bana hannunmu ƙaiƙayi yake yi. Rubuce-rubucen nan ne da kake yi a kan yadda wani aiki ya ba ka wuya, da hotunan zanen da bai kammala ba, da 'yar gaisuwar da ke saman shafi. Sai a bar farin fili fes, a jera 'yan ayyuka kamar kayan kanti. Yana da kyau, ban musa ba. Amma dakata ka ji wani misali tukuna.

An yi wani baduku a wata kasuwa, rumfarsa ta kara ce. A bakinta yake zama bisa buzu, fata a cinya, yana ɗinki yana amsa gaisuwa. Mai son takalmi sai ya tsallake tarkacen fata ya zauna, a taɓa hira, a tambayi mutanen gida, sannan a zo kan ciniki. Da Allah ya buɗa masa, sai ya dubi rumfar nan ya ji kunyarta. Ya rushe ta ya yi ginin bulo, ya shafa farin fenti, ya sa ƙofar gilashi, ya jera takalma da jakunkuna da tumtum a kan kanta, kowanne sai ɗaukar ido yake. Tarkace da warin jima kuwa, ya ce ba su dace da baƙo ba. Ya kwashe su har da buzun ya koma ƙuryar baya, ya saki labule. Mutane suka riƙa tsayawa suna cewa tubarkalla, sannan su wuce abinsu, domin mai ƙura a ƙafa yana jin nauyin taka siminti mai sheƙi, kuma ba a yin sallama inda ba a ga kowa ba. Baduku yana ciki yana ɗinkin da bai taɓa yin mai kyansa ba, ciniki kuwa sai baya yake yi. Har ya fara tunanin ko launin fentin ne bai yi ba.

Da kaka ta yi, wani tsohon makiyayi ya shigo kasuwar. Shekara da shekaru a wurin badukun yake ɗinka takalmin da zai yi kiwon rani da shi, saboda ƙafarsa ta hagu ta karkace tun da wata saniya ta taka shi, kuma ba wanda ya iya yi mata takalmi sai badukun. Ya zo daidai wurin, babu rumfa, babu mutumin. Ya daɗe a tsaye dogare da sanda. Can sai ya matsa wurin mai goron da ke gefe ya tsuguna, ya ce, "Ashe baduku lokaci ya yi? Allah ya jiƙansa. Muna can kudu da shanu, ban ji ba." Kafin mai goro ya buɗe baki, tsohon ya ci gaba: "Mutumin nan bai taɓa riƙe ƙafata bai tambaye ni lafiyar saniyar da ta taka ni ba, don kawai ya tsokane ni. Yanzu wa zan kai wa ƙafar nan?"

Tagar ƙuryar a buɗe take, baduku yana ji, basilla a hannu. Ya ji ana yi masa addu'ar mamaci, ya kuma lura cewa a duk abin da tsohon ya tuna, babu jaka, babu tumtum. Ya yaye labule ya fito ko takalmi bai tsaya sawa ba. Tsoho ya yi salati ya ja da baya, sannan ya kama hannunsa da hannu biyu ya ƙi saki. Mai goro ya ce, "To Baffa, ga mamacin nan, sai ka yi masa gaisuwar da kanka." Baduku bai rushe ginin ba, gini ba shi da laifi. Buzunsa kawai ya jawo bakin ƙofa ya zauna, ya shimfiɗa kirgi ya ce wa tsoho ya taka, ya ɗauki gawayi yana zagaye karkatacciyar ƙafar a hankali. Kafin ya gama, wani mai wucewa ya tsaya ya ce sannu da aiki, ya gyara riga ya zauna.

Ka gyara shafinka, wallahi ka gyara. Sauya launi, rage cunkoso, sa ya riƙa buɗewa da wuri ko a ƙaramar waya, ni ma dabarun da ke kaina sun fi ƙarfin dare ɗaya. Sai dai wanda zai ba ka aiki ba zane kaɗai yake nema ba, yana neman wanda zai miƙa wa karkatacciyar ƙafarsa. Kafin ka saki sabon shafin, ina roƙonka ka mayar da rubutu ko guda ɗaya wanda ake jin muryarka a ciki, ka ajiye zanen farko kusa da na ƙarshe, ka sa hotonka da inda za a same ka, domin tun tuni Hausawa suka ce shimfiɗar fuska ta fi shimfiɗar tabarma.