Mai Jinyar Kaji

Wake-wake ce ta fara atishawa, kafin a ankara sauran kajin duk sun ɗauka kamar an raba musu. Uwar 'yan biyu ta tsaya a bakin ɗakin kaji da kwanon dusa a hannu. Daga 'yan tsakin da mahaifiyarta ta bar mata kajin nan suka yaɗu, kuma duk girman baƙo bai taɓa sa ta yanka ko ɗaya ba. Baƙo dai ya ci ƙwai ya gode wa Allah.

Ta jiƙa musu tafarnuwa, ta matsa lemun tsami a ruwa, abin ya ƙi. Sai ta kira likitan dabbobi. Ya buɗe bakin wannan, ya saurari numfashin waccan, ya tsaya yana sosa ƙeya. Ido na ruwa, hanci na ruwa, amma ci kam ba su rage ba. Ya ce ta sauya garin katakon da ke shimfiɗe a ƙasa, ta bar taga a buɗe, ta riƙa zuba musu garin magani a ruwan sha.

Wanda ya ba kowa mamaki shi ne Baba, mahaifin mijinta, wanda ya dawo gidan da zama tun da aka sallamo shi daga asibiti. Mutum ne da ko kofin da ya sha ruwa ba ya kawarwa. Da ma ya saba leƙa kajin, to yanzu sai ya karɓe jinyar gaba ɗaya. Da ya gama cin abinci zai ɗauki sandarsa ya shiga, ya ja ƙofa, ya ɗan jima. In ya fito sai ka ga idanunsa jajur, hawaye na bin kumatu, yana share hanci da gefen riga.

"Baba, don Allah ka daina sa abin a ranka, kar hawan jininka ya tashi," in ji ta.

"Ke dai bari, 'yar nan. Tausayi ne."

Har taga ya toshe da tsumma, wai kar sanyi ya shiga ƙirjinsu. Ta so ta yi magana, amma wa zai ja da suruki a kan abin da ya yi don ƙauna? Ta haɗiye, har ma ta riƙa ba maƙwabta labarin kirkinsa.

Magani ya ƙare, atishawa na nan daram. Da likitan ya dawo, fuskarsa ba walwala. Ya ce ciwon da ya ƙi jin magani haka abin tsoro ne, ga unguwa cike da kajin mutane. In ya sake zuwa ya tarar ba sauƙi, to dole a hallaka su duka a binne.

Uwar 'yan biyu ta zauna a bakin ƙofa ta yi kuka har da shessheƙa. Maigidan ya zo lallashi, ya ce zai saya mata wasu waɗanda suka fi su. Kallo ɗaya ta yi masa ya tuna ana jiransa a waje.

Baba yana kan kujerarsa, duk ya ji. Daga ranar bai ƙara taka ɗakin kaji ba. Ya ce zuciyarsa ba za ta iya kallonsu ba. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, a ce sai yanzu da tura ta kai bango mai jinya zai ajiye aiki.

Ta ɗaura ɗamara da kanta. Ta fizge tsumman taga, ta share ɗakin tas, ta zuba sabon garin katako, ta wanke mazubin ruwa har yana ƙyalli. Shi kuwa tsohon sai ya zama wani iri. Ya yi wa 'yan biyu tsawa don sun yi dariya, ya ce gishiri ya yi yawa, washegari ya ce babu gishiri, ya yi ta zagaye tsakar gida yana jan gemu yana tsaki. Ta ce a ranta, ashe baƙin ciki haka yake mayar da mutum.

Sannu a hankali atishawa ta ragu, idanu suka bushe. Ranar da likitan ya zo, Wake-wake ce ta fara tsere masa, ya bi ta da kyar yana haki. Ya duba su ɗaya bayan ɗaya ya ce lafiyarsu lau, ba wadda za a taɓa. Uwar 'yan biyu ta rasa inda za ta sa kanta don murna. Ta je ta durƙusa gaban surukinta.

"Addu'arka ce, Baba. Sai ka koma wurin 'ya'yanka, sun yi kewarka."

"A'a, bar su su huta," ya ce yana kallon ƙasa.

Bayan azahar, da gida ya yi tsit, Baba ya lallaɓa ɗakin kaji ya miƙa hannu saman katakon rufi, ya zaro 'yar battarsa ta garin taba, wadda likitan asibiti ya hana shi shaƙa, ɗansa kuma ya rantse ba za ta kwana a gidan ba. Ya dubi kajin ya ce, "Ku yafe ni, 'yan mata," sannan ya zagaya rumfar akuya ya ja ƙyauren. Kafin la'asar aka ji akuya ta yi atishawa.