Rabon Naman Inna Tasalla

Tun da aka sa wa kowane gida ƙofa mai gane fuska, ba wanda ya ƙara tsayawa a zaure. Kana isowa ta buɗe, ko ta ƙi.

Washegarin Babbar Sallah, masu sha'awar tsofaffin kwamfutoci suka cika rumfar gasa da hayaniya da ƙamshin suya. Inna Tasalla, tsohuwar malamar lissafi, ta kunna tata kwamfutar mai ƙatuwar ƙeya. Wata uku ta yi tana haɗa wasanta na kwamfuta: ka raba wa maƙwabta naman layya kafin magariba.

Alƙalin gasar, Injiniya Barau, ya fara bugawa, jama'a suna zuga shi. Sai ya maƙale a ƙofar gidan farko na cikin wasan.

"Inna, ƙofar nan ba ta aiki. Dole in cire ki."

"Cire wa? Kai ɗan nan, sallama za ka yi!"

Ya rubuta sallamar. Wata 'yar murya ta amsa, ƙofa ta buɗe, rumfa ta kaure da tafi.

Barau ko naman bai miƙa ba. Ya koma waje ya sake sallama, ya kuma sakewa, don kawai ya ji an amsa masa.