Wuta a Dama, Waya a Hagu

Tana shanyar kaya yayanta ya kira daga Amurka.

"Ƙanwata, kin kalli sabon fim ɗin nan na yarenmu na Kannada? Jarumin injiniyan kwamfuta ne kamata, ya watsar da aikinsa ya dawo garinmu Mysuru ya ƙona gawar babansa da hannunsa. Sau uku ina kallo ina kuka. Labarina ne sak!"

Ta dubi tabon ƙunar da ke hannunta. Bara da nasu uban ya mutu, ita ta cinna wutar ƙona gawarsa bisa al'adarsu, dangi na tsaki wai mace ta yi aikin ɗa namiji.

"Yaya, a fim ɗin ma ƙanwarsa ce ta riƙe wuta a dama, waya a hagu, shi yana kan layi yana cewa ta hanzarta, mitin gare shi?"